Igiya Mai Kunne Biyu

Laraba, 7:15 na safe

Gwiwa: bakwai cikin goma.

Likitar gashin ƙashi ce ta sa ni sayen wannan littafin. Wai in riƙa rubuta zafin gwiwata kullum, daga ɗaya zuwa goma, da abin da na yi kafin ya tashi. Ta ce layi biyu ya ishe ta, kada in yi mata labari. To ga shi: na sauko daga gado, na je banɗaki, na dawo. Bakwai.

Yau kwana huɗu da faɗuwarmu ni da Yaya. Ni gwiwar dama ce ta kumbura kamar an cusa mata tsumma. Ita hannun hagu ne ya karye, an sa masa filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu. Baban yara ya ce an auna arziki da ba kai ba ne. Na ce haka ne.

Laraba, 5:40 na yamma

Mutum shida suka zo dubiya. Kowa sai ya tambayi yadda aka yi, ni kuma in ce gwiwata ce ta goce a bakin kwata, na janyo ta muka faɗi tare. Na faɗa har maganar ta kwanta a bakina. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta ce dama mace mai shekara arba'in da shida tana guje-guje kamar wadda aka biyo, ai dole ƙafa ta gaji. Da za ta tafi ta ce in ƙarfafa gwiwa, sai kuma ta ji abin da ta faɗa ta kwashe da dariya. Na taya ta.

Alhamis, 6:05 na safe

Idona ya buɗe biyar da rabi kamar kullum. Jiki bai san an ba shi hutu ba. War haka da muna kan titin bayan makaranta, mun wuce sandar wuta ta uku.

Shekara shida ke nan da hawan jinin ido ya tafi da ganin Yaya. Biyun farko a ɗaki ta yi su, labule a sauke, rediyo a kashe, sai an yi da gaske take kai loma baki. Ni na fito da ita, da faɗa da lallashi. Tafiya muka fara, daga ƙofarta zuwa sandar wuta ta farko, sai ta biyu. Wata safiya ta ce, "Auta, ƙara sauri mana, ke ce makauniyar ko ni?" Na ƙara. Yanzu shekara uku muna gudu, safiya huɗu a mako, mu bi titi mu shiga filin makaranta mu yi zagaye takwas.

Igiyarmu kamu ɗaya ce, mai kunne biyu, ita ta kitsa ta da igiyoyin tsofaffin takalma. Kunne ɗaya a hannunta na dama, ɗaya a nawa na hagu. Amma igiya rabin aikin ce, sauran baki ne. Rami. Taka. Hagu kaɗan. Mota, matso. Kwata, tsallake. Idan shiruna ya wuce taku goma sai ta ce, "Kina nan?" in ce, "Ina nan."

Gwiwa: shida.

Juma'a, 1:20 na rana

Yaya ta kira.

"Auta, ya ƙafa?"

"Da sauƙi, Yaya. Ya hannu?"

"Yana nan yadda kika bar min shi." Ta yi dariya don in san wasa take. "Yaushe za ki zo ki ga ɓarnarki?"

Na ce matakalarmu goma sha tara ce, an ce in rage hawa da sauka. Ba ƙarya na yi ba, sai dai jiya na sauke su na je gashi na dawo. Kafin ta kashe ta yi shiru, irin shirun nan nata na sauraro. Na janye wayar daga bakina.

Lahadi, 8:00 na safe

Biyar. Ban je ba.

Litinin, 10:30 na safe

Wannan ba na likitar gashi ba ne, amma littafin ni na saya.

A cikin tsohon kambas ɗina, ƙafar hagu, ƙarƙashin safa, akwai inhela, maganin shaƙa na ƙirji. Wata takwas ke nan. Abin da tari ya fara, bayan mun gama gudu. Sai ƙirji ya riƙa ɗaurewa a zagaye na huɗu kamar an ja min zariya, sai wani fito siriri idan ina fitar da numfashi. Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin kati na asibiti, na san hannu nawa kati ke bi kafin ya kai teburin likita, don haka ban buɗe a wurinmu ba. Na hau mota na je wani ƙaramin asibiti can gefen gari. Likitan ya sa na hura wani bututu, na hau matakala na sauko sau goma, na sake hurawa. Ya ce asma ce, irin wadda gudu ke tayarwa, musamman da sanyin safiya. Ya ce ba sai na daina ba. In shaƙa sau biyu minti goma sha biyar kafin in fita, in ɗumama jiki a hankali, kuma in tafi da shi a aljihu. Ya tambaya ko akwai mai ita a gidanmu. Na ce babu.

Ba zan rubuta maganar Inna ba.

Shaƙar ina yi, a kan matakala, kafin in fita. Tafiya da shi ce ban taɓa yi ba. Yana ƙara idan yana kaɗawa a aljihu, kuma wadda nake gudu da ita tana gane tafiyar kowa a layinsu tun daga kwana. Idan Yaya ta sani, a ranar za ta rataye igiyar. Na san ta. Kuma na san ɗakin da za ta koma.

Talata, 2:00 na rana

Likitar gashi ta duba hoto ta ce guringuntsi ne ya ɗan yage, jijiya kuma ta buɗe. Babu maganar aiki a yanzu. Gudu kuwa kada in ma kawo shi kafin wata uku, shi ma sai ta gani. Ta ɗora ni a kan keken nan da ba ya zuwa ko'ina, ta tsaya a kaina da agogo. A minti na shida ta karkato kai.

"Kina da asma ne?"

"Mura ce."

Ta dube ni ta saman gilashinta, ta ce in kawo littafin. Na ba ta takardar da na kwafe lambobin a ciki. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mai ciwo mai tsafta irina ba.

Ƙanƙara minti ashirin, safe da yamma. Mutane na cewa gwiwarsu ta yi sanyi, ni tawa da tawul nake naɗe mata sanyin.

Alhamis, 6:30 na yamma

Huɗu da safe, shida yanzu. 'Yar Yaya ta kira daga wurin aikinta. Ta ce, "Anti, ta fara sauke labule." Ta ce rediyon ma jiya ba a kunna ba, abincin rana ta same shi a rufe yadda ta bar shi. Ta ce Sajan ta zo gidan sau biyu. Sajan tsohuwar 'yar sanda ce da ta yi ritaya, tana gudu a filinmu, kullum ta wuce mu tana ɗaga hannu kamar mai ba mota hanya. Wai ta ce ita za ta riƙa fita da Yaya, ko tafiya ce, kafin in warke. Yaya ta ce sai da igiyarta, ba ta riƙe hannun mutum kamar wata ƙaramar yarinya.

"Anti, igiyar tana wurinki?"

Na ce ban san inda ta faɗi ba, a cikin ruɗanin nan.

Tana cikin jakata, aljihun ciki. Akwai laka a kunne ɗaya, ban wanke ba.

Asabar, 7:00 na safe

An yi ruwa da asuba, irin na ranar da muka faɗi. Na rufe taga.

Litinin, 4:45 na yamma

Na koma aiki. Oga ya hana ni tsani, ya zaunar da ni a teburin gaba ina karɓar katunan da suka dawo daga ɗakunan likitoci, ina jera su bisa lamba. Shekara goma sha tara ina hawa kantocin nan, na san wacce ke lilo, na san inda katunan matattu suke a sama ta hagu. Yau na zauna ina kallon wata tana neman abin da zan ɗauko ido rufe. Ƙurar fayil ta sa ni tari, na shiga banɗaki na yi shi a can.

Wajen sha biyu katunan sashen ƙashi suka dawo. Na Yaya na ciki. Ashe yau ta zo a duba filastar, ta wuce ta ƙofarmu ba ta sa an kira ni ba.

Ban taɓa buɗe katin wanda na sani ba. Ko na amaryar Oga da kowa ya karanta ban leƙa ba, ina alfahari da wannan. Na buɗe na Yaya.

Likitan da ya fara ganinta ranar ya rubuta abin da ta faɗa masa. Mai ciwo ba ta gani. Tana gudu da mai yi mata jagora. Ta ce an gargaɗe ta akwai kwata, ita ce ba ta ji ba.

Na karanta sau uku. Na rufe, na jera shi a lambarsa.

Ba a gargaɗe ta ba. Ita ta sani, ni na sani.

Talata, 6:00 na safe

Ban duba gwiwa ba.

Laraba, 7:30 na safe

Na fito na tarar da inhelan a kan tebur, kusa da kofin shayina. Baban yara yana ɗaure takalmi, bai ɗago ba. Ya ce zai ba mai kwasar shara tsofaffin takalma ne, ya zazzage.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

"Wata takwas." Ya maimaita a hankali. "Muna kwana ɗaki ɗaya."

Na ce asmar ba ta tashi sai da gudu. Ya ce ai shi ke nan, tunda da gudu ne kawai, a titi, da asuba, ba kowa sai ke da wadda ba ta gani. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min. Ya ce shi ba zai kai maganar ko'ina ba, ba tasa ba ce. Da ya kai ƙofa ya juyo.

"Ranar da kuka faɗi, kin shaƙa?"

Na ɗauki kofi na kai baki. Ya jira kaɗan, ya fita.

Na ji kunya, kuma na ji haushinsa da ya iya tambaya.

Juma'a, 3:10 na yamma

Uku. Na sauka matakala ba sanda. Idan gwiwar nan ta warke da wuri, sai in koma kawai, in riƙa shaƙa yadda ya kamata, ba wanda zai ji komai. Labulen ya ɗaga, magana ta mutu.

Asabar, 11:50 na safe

Tara.

Likita, idan kin taɓa karanta wannan, na san abin da kika ce.

Na je filin ƙarfe shida ni kaɗai, na ce in gwada zagaye ɗaya a hankali. Na shaƙa, amma a bakin fili na shaƙa na kuma fara nan take, ban jira ba, don kada masu zuwa su tarar da ni a tsaye da shi a hannu. Rabin zagaye gwiwa ta ba da wata ƙara, ƙas, ta ƙi ɗaukata. Na dafa ƙarfen raga. Sai ƙirjin ya biyo baya, kamar dama jira yake a kira shi. Numfashi yana shiga, fita ce ta gagara.

Sajan ce ta zo. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zaunar da ni, ta laluba aljihuna kamar mai binciken ɓarawo, ta ciro shi ta girgiza ta sa min a baki. "Ja. Riƙe. Sake." Ta ƙirga min da yatsu. Da na dawo hayyacina ta zauna kusa da ni a kan ciyawa tana goge wuya.

"Ƙanina yana da ita," ta ce. Can kuma ta ce, "Ranar nan ina dawowa ta titin, kuna tahowa. Ni na fara isa kanku, ko ba ki tuna ba?"

Ban tuna ba.

"Na ga bakinki yana motsi tun daga nesa. Ba abin da ke fita."

Na ce gwiwata ce ta goce.

"Bayan Yayarki ta faɗi, e. Ita ta fara faɗuwa, igiya ta ja ki." Ta miƙe ta kakkaɓe wando. "Ni na yi ritaya, ba na rubuta rahoto. Amma kada ki sake ce min gwiwa."

Ita ta sa ni a mota ta kawo ni gida.

Lahadi, 9:00 na safe

Takwas. Ƙanƙara. Ƙafa a kan matashi biyu.

Ranar da muka faɗi 'yar Yaya na da aikin safe, sai ta biyo da ita ta sauke ta a gidanmu, maimakon in je in ɗauko ta. Ina buɗe ƙofa na ji muryarta a ƙasan matakala: "Auta, rana za ta fito ta same mu." Inhelan na hannuna. Matakalarmu ko tari ka yi a sama sai ya sauka ƙasa ya dawo. Na tsaya da shi a bakina. Na mayar da shi cikin takalmin.

An yi ruwa, iska da sanyi. Sandar wuta ta uku na fara ji. Ta biyar na daina cewa rami, na riƙa jan igiyar kawai. Kwatar nan ta kwanar makaranta na san ta kamar ƙofar ɗakina, na hango ta, kalma biyu ce.

Iya nan zan iya.

Lahadi, 5:00 na yamma

Inna shekara goma sha ɗaya ta yi da asma kafin ta tafi da ita. Ni ina makarantar kwana, daga baya aure. Yaya ce ke kwana a ɗakinta. Ita ke tashi ta jingina ta da matashi, ita ke girgiza kwalbar ta ji ko da saura. Ranar ƙarshe ma a jikinta take.

Na rubuta ke nan. Shi ya sa na ce wa likitan babu.

Talata, 6:40 na yamma

Na je.

Baban yara ya kai ni har ƙofa, ya ce zai jira a mota. Ɗakin yadda na san shi shekara huɗu da suka wuce, labule a sauke, rediyo a kan taga ba ya magana. Tana zaune a bakin gado, filastar a kan cinya. Ta rame a wuya.

"Sanda a hagu, ƙafa tana ja," ta ce. "Auta ce. An ce kin samu sauƙi, wannan ai tafiyar wadda ta ƙara ce."

Na shirya magana tun daga gida, ta gudu. Na buɗe jaka na ciro inhelan na sa mata a hannunta mai lafiya. Ta shafa shi daga sama zuwa ƙasa. Ta kai kunne ta girgiza.

"Ya kusa rabi," ta ce. "Na Inna shuɗi ne. Wannan fa?"

"Shuɗi ne."

"To."

Na ce, "Yaya, ban ce miki kwata ba. Ba gwiwata ba ce. Na gan ta, na kasa faɗa. Ban shaƙa ba don kada ki ji. Ni na karya miki hannu."

Ta daɗe tana juya shi a tafin hannunta.

"Tun ranar da kika fara cewa mura na ji," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya na kwana da sautin nan. Ke a tunaninki da tari za ki rufe min shi?"

"Kin sani? To me ya hana ki magana?"

"Abin da ya hana ki." Ta nuna ɗakin da haɓa. "Wannan. Na san in na ce na ji, dole in ce mu daina. Sai na riƙa ce miki na gaji a zagaye na biyar. Ni ban taɓa gajiya a zagaye na biyar ba, Auta, ko sau ɗaya."

Na tuna duk safiyar da na yi mata tsiya a kan tsufa ya kama ta, ina godiya a raina da ta tsaya.

"Ranar nan kuma tun daga sandar wuta ta uku yake min ihu a kunne. Na ce kina nan, shiru. Na sake cewa, shiru. Ƙafata ce, ba wanda ya hana ni tsayawa. Na ce bari dai mu kai fili, bari dai mu kai fili." Muryarta ta sauka. "Da ke ce kika faɗi ba ki tashi ba, da a gefenki zan tsaya da igiya a hannu, ban san ko ta ina zan nemo mutum ba. Kwana ashirin da huɗu ke nan abin da nake gani."

Na ce na karanta katinta, na ga abin da ta gaya wa likita.

"Ashe kina karanta katin mutane." Ta kusa yin dariya. "Ai ban yi masa ƙarya ba. An gargaɗe ni. Ƙirjinki ya faɗa min, ni na ƙi ji."

Muka yi kuka, ba mai yawa ba, mu ba masu yi ba ne. Na ciro igiyar na ɗora mata a cinya. Ta shafa ta ji busasshiyar lakar.

"Wadda ta ɓata," ta ce.

"Ita ce."

"Ɗaga min labulen nan, zafi ya ishe ni."

Alhamis, 1:00 na rana

Na buɗe kati a asibitinmu. Ni na rubuta lambar da hannuna, na miƙa wa Oga ya sa hannu, ya karanta ya dube ni, sannan ya sa. Yaya ta ce sai ta raka ni wurin likita. Ta zauna ta fi ni tambaya. Likitan ya ƙara min wani na kullum, safe da yamma, ya ce shuɗin kuma kada ya bar aljihuna. Ya ce ma'auni mai sauƙi ne: duk gudun da ba zan iya faɗin magana cikakkiya a cikinsa ba, ya fi ƙarfina, in tsaya. Yaya ta ce, "Likita, wannan ma'aunin mu muka ƙirƙiro shi, amfani da shi ne ba mu yi ba."

Na tambaye shi ko zan iya komawa jagora. Ya ce ƙirjin ana iya shawo kansa, gwiwa kuma ba sashensa ba ne.

Litinin, 2:30 na rana

Na ba likitar gashi littafin gaba ɗaya. Ta karanta a tsaye, ta zauna a shafi na huɗu. Da ta gama ta ce gwajin da na yi ranar Asabar ya mayar da mu baya, a sake lissafin wata uku daga farko. Ta ce tafiya za ta dawo, gudu kaɗan-kaɗan wataƙila. Zagaye takwas da wani a hannu, ana juyawa ana tsayawa ba shiri, ba za ta yi min alkawari ba.

Na so ta yi min ƙarya. Ba ta yi ba.

Biyar.

Laraba, 6:15 na yamma

Na kira Sajan da kaina. Sai da na ajiye wayar sau biyu kafin in danna.

Asabar, 8:20 na safe

An cire filastar ranar Alhamis. Hannun ya fito siriri, fari-fari, tana cewa ba nata ba ne, an musanya mata a asibiti.

Yau muka je fili mu uku. Na shaƙa a gida, a falo, gaban kowa, na duba agogo. Na zauna a bencin gefen raga da ƙanƙara a tawul. Kafin su fara na sa wa Sajan kunnen igiyar a hannun hagu. Ya yi mata kaɗan, shekara uku ya ɗauki siffar hannuna. Na gaya mata kada ta ja, ta bari igiyar ta ɗan yi lilo. Na gaya mata ta faɗi abu taku uku kafin a kai shi. Na gaya mata Yaya tana karkata dama idan ta gaji, kuma ba ta son a ce mata sannu. Na yi ta gaya mata abubuwa har Yaya ta ce, "Auta, saki igiyar."

Ashe ban saki ba. Na saki.

Sajan jagoranci take kamar a fareti. "Hagu! Miƙe!" Yaya ta ce mata makauniya ce ita ba kurma ba. Zagayen farko tafiya suka yi. Na biyu na ga Yaya ta ɗan sunkuyo, irin yadda take yi, na san abin da ta ce ko ban ji ba. Suka ƙara sauri. Ban taɓa ganin gudunta daga nesa ba, kullum ina gefenta. Tana da kyawun gudu. Abin ya yi min daɗi, kuma ya yi min ciwo, duka biyun da gaske.

Da suka zagayo saitin bencin, Sajan ta yi shiru tana maida numfashi. Yaya ta ce, "Kina nan?"

"Ina nan, Yaya," in ji Sajan.

"Ba da ke nake ba."

Na ja numfashi. Ya shiga har ƙasa, ya fito ba fito.

"Ina nan," na ce.

Ta gyaɗa kai, ba ta rage gudu ba. Na gyara tawul ɗin a kan gwiwa, na zauna jiran su zagayo.

Gwiwa: huɗu. Ƙirji: lafiya.